Kawu Kafinta da Bencin Mutum Biyu

Ranar Alhamis, sha tara ga watan Yuni, da misalin ƙarfe goma na safe, Ubangiji ya kira Kawu Kafinta, mai ba zumuntar matasan cocinmu shawara. A shagonsa ya yanke jiki ya faɗi, fensir na maƙale a kunnensa, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ina cikin guga matar fasto ta kira ta faɗa mini. Na ce to, na ƙarasa rigar da ke hannuna, na ninke ta.

Yau kwana tara ke nan, Kawu, ko ɗigon hawaye bai zo mini ba. Ina ci, ina zuwa aiki, amma sai in ji kamar wata ce ke yi ni ina kallonta. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: ka tafi ban shirya da ƙawata Nas ba, alhali babu abin da ka fi roƙo na a kai. Wata takwas ba ma magana, kuma laifina ne.

Kai ka haɗa mu tun farko. Lokacin da ka karɓe mu, matasa ne wajen arba'in da suka iya rera waƙa tare amma ba su iya gaisawa ba. Ana cewa amin kowa zai duƙufa a kan wayarsa. Ba ka yi mana wa'azi a kai ba. Sai ka sa doka cewa bayan sujada mu za mu mayar da dogayen bencina sito, kuma kai za ka zaɓi mutum biyun da za su kama kowane benci. Da gangan kake haɗa waɗanda ba su taɓa cewa da juna uffan ba. A ƙofar sito za ka tsaya, hannu a ƙugu, ka ce, "Faɗa mini abu ɗaya game da abokin kamunki, ban da sunansa da aikinsa." Wanda ya yi shiru sai a koma da bencin a sake ɗaukowa. Ni da Nas sau uku muka koma, don ni a lokacin ko kare ya bi ni ba na iya ihu. A zuwa na huɗu na gano tana tsoron jini, ita da ke karatun jinya. Dariya ta sa muka saki bencin a kan ƙafarka.

Da dattawa suka sayo kujerun roba, kowa ya yi murna sai kai. Ka ce mutum ɗaya zai rungumi biyar ya wuce bai ce wa kowa sannu ba. Aka ce kishin sana'a ne, ka yi dariya ka ce har da shi. Ka koya mana mu bar mutum ya kai aya kafin mu sa baki, mu kuma daina tsayawa a "lafiya lau".

Ni kam na koyi magana har ta yi mini yawa. Nas ta faɗa mini a kunne cewa ta sake faɗuwa jarrabawa kuma mahaifiyarta ba ta sani ba. Ranar Laraba a taron addu'a na miƙe, da zuciya ɗaya, na ce a sa 'yar'uwarmu cikin addu'a, na zayyana komai. Kafin Lahadi labari ya kai zumuntar mata. Ba ka tsawata mini a gaban kowa ba. Ka kira ni shago, kana goge katako ka ce, "'Yata, abin da aka ba ki ajiya ba roƙon addu'a ba ne sai mai shi ya ce. Ki same ta, ko ki kawo ta nan." Sau nawa ka tuna mini? Kullum sai in ce mako mai zuwa, don kunya ta fi ƙarfina.

Shekaranjiya na je asibitin da take aiki, na tsaya a bakin ƙofa har ta tashi. Na ce, "Na zo ba ki haƙuri."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Sai da ya mutu?"

Ta gyara jakarta ta yi gaba, sannan ta tsaya ba tare da ta juyo ba. "Ranar Asabar zan je gaida Anti. Ba zan iya shiga gidan nan ni kaɗai ba."

Ba ta ce ta yafe ba, Kawu, ban kuma san me za mu ce wa Anti matarka ba. Amma tare za mu je.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutu a wurin Almasihu wanda ka bauta wa. Anti, da 'ya'yanku uku, da Kaka da ta binne ɗanta da idonta, Allah ya ba ku haƙuri, ya ta'azantar da ku. Mu kuma da ka bari, ya hana mu jinkirta abin da ya kamata mu faɗa wa juna.