Ranar da Na Haifi Tagwaye a Bakin Turkanci

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin safiyar nan za ta fita daga raina. Lokacin ina aikin ungozoma a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, kusa da Dogo-Dogo, na shekara ina koyon Turkanci a waya don neman gurbin ƙaro karatu a Turkiyya. Saura jarrabawar baka kawai, za a kira ni ƙarfe goma saura kwata, kuma wanda bai ɗauka ba ya rasa.

Ana gama sallar asuba aka kawo matar wani makiyayi a amalanke tana naƙuda. Tagwaye ne. Hannuna na aiki, idona na kan agogon bango, har uwar mijinta ta ce, "'Yar nan, mu kika zo duba ko bango?" Kunya ta kama ni, amma ban daina leƙe ba.

Na biyun na yin kuka na wanke hannu, na haye moton yayana, don wurinmu sai kan tudu ake samun rezon waya. "Yaya, taka mana!" "In na kayar da ke a rairayi, da Turkanci za ki yi kuka?" in ji shi. Muna isa wayar ta yi ƙara.

Malamar da za ta yi mini jarrabawar ta ji ina haki, ta tambayi lafiya. Da ƙarfin gwiwata na ce, "İki çocuk doğurdum." Ta ce a firgice, "Yau? Kuma kina tsaye? Je ki kwanta!"

Nan take na gane kuskurena. Turkanci ma yana da irin namu na sha da shayar, ni kuwa na ci harafi ɗaya: maimakon "doğurttum", na karɓi haihuwa, sai na ce ni na haihu. Na gyara maganar, amma na sallama cewa gurbin ya tafi.

Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "To, ƙarfe nawa suka zo?" Faɗin lokaci ne ya fi ba ni wuya a harshen, amma ranar ban ko yi tunani ba: na farko tara saura biyar, na biyu tara da minti ashirin. "Lafiyarsu ƙalau?" Na ce ƙalau. Ta ce, "Ki zo, muna bukatarki."

Tun daga nan na san harshe ba ya zama a bakin mutum sai yana da abin da ya damu ya faɗa da shi.