Ranar da 'Yata Ta Kai Ƙarata Gaban Baƙi a Paris

Akwai wata Asabar da ba na jin zan manta ta har ƙasa ta rufe mini ido. Shekara shida ke nan da faruwar abin. Abin haushin ma, littafin tatsuniya ne ya jawo ta, littafin da ko shafi ɗaya nasa ban taɓa karantawa ba.

Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Damagaram. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka cire ni. Na fi shekara ashirin a Vénissieux, gefen birnin Lyon, hawa na tara a dogayen benayen unguwar Minguettes, ina ɗaukar kwalaye a sito har bayana ya lalace. Faransancina na wurin aiki ne: ina ji sarai, amma in na buɗe baki yarana dariya suke. 'Ya'yana uku. Babbar mace ce, lokacin shekarunta sha bakwai, kuma a kanta wannan magana take.

Yarinya ce marar rigima. Cutarta ɗaya, wani littafi mai kauri kamar bulo, a bangonsa an zana wata 'yar Sin riƙe da takobi, wani maciji mai ƙaho ya nannaɗe ta. Ta karanta shi har bangon ya saki. Sai aka ce littafi na biyu zai fito, ta yi shekara guda ba ta da zance sai shi. Da ya fito ta shige ɗaki da shi, kwana biyu ba ta zauna cin tuwo da mu ba. Da ta fito idanunta sun kumbura.

Na ce wa uwarta, "Wai wa ya rasu?"

Ta ce, "Ba kowa, Malam. Littafin ne."

Na ce, "To madalla. Garinmu da muka baro ba ta taɓa zubar masa da hawaye ba, sai garin Sinawa da ma babu shi a duniya."

Bayan sati biyu ta zo ta durƙusa, wai matar da ta rubuta littafin za ta zo taro a Paris, tana son zuwa. Ban ko ɗago kai ba, na ce, "Ke, ba inda za ki." Haka nake kiranta, ke, ko yarinyar nan.

Asabar da safe na idar da karin kumallo ban ji motsinta ba. Uwarta ta tsaya bakin kicin ta ce, "Ta bi jirgin farko. Ni na ba ta izini. In an tashi za ta kwana wurin ƙanwata a Montreuil, gefen Paris." Ban taɓa ganin matar nan ta dube ni ido cikin ido haka ba. Na sa takalmi na fita. Duk tsawon hanyar jirgin ƙasa daga Lyon abu ɗaya nake saƙawa: in riƙo hannunta gaban kowa, in dawo da ita, in aka yi hutu in kai ta gida Damagaram wurin 'yan'uwana ta zauna har hankali ya zo mata. Wallahi da gaske nake, har na zaɓi wanda zan kira.

Da na shiga zauren taron sai na tsaya cak. Yara fal, cike har ƙofa, sun sa riguna masu hannu kamar buhu, sun soke tsinke a gashi, wasu da takubban kwali, an rataye jajayen fitilun takarda ko'ina. Na zaci Sinawa zan tarar. Ina! Baƙaƙe ne da Larabawa da Turawa, 'ya'yan unguwanni irin tamu. Na raɓe jikin bango a baya kamar ɓarawo. Wata 'yar Larabawa mai hijabi a ƙarƙashin irin rigar nan ta matsa mini wuri, ta kira ni kawu da Faransanci, ta ce, "Tonton, 'yarku kuka kawo?" Na ce mata nemanta dai nake. Na ce, "Ku kuma me kuka gani a cikin abin nan?"

Kamar jira take. Ta ce ai a littafi na farko yarinyar labarin ta gudu daga gida ta koyi takobi a kan dutse, ta hau macijin sama, an sha faɗa. Amma na biyu ya fi, domin a cikinsa ta koma gida. A garinsu akwai ƙofa a bakin kogi, ba ta buɗe wa kowa sai wanda ubansa ya tsaya ya kira sunansa da ƙarfi. Ita kuma ubanta bai taɓa kiran nata ba. Ta ci sarakuna da yaƙi, amma ƙofar gidansu ta ƙi saninta. Na ce a raina, shirme.

Can gaba marubuciyar na zaune, 'yar ƙaramar mace, iyayenta Sinawa ne amma a nan ta tashi. Aka fara ba yara makirfo suna tambaya. Ta huɗu da ta miƙe 'yata ce, ja ce rigarta. Shaddar da na saya wa uwarta da sallah ce aka yanka aka yi mata wannan ɗinki. Kafin in gama jin zafin wannan, sai ta yi magana.

Ta ce, da Faransanci, "Ni ba tambaya gare ni ba. Godiya na zo yi. Shekarata sha bakwai, babana bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Yana kiran ƙannena da sunansu. Ni sai dai ke. Tun ina ƙarama nake neman laifin da na yi masa, ban samu ba. Da na kai wurin da uban ya tsaya a bakin kogi ya buɗe baki, rufe littafin na yi, na kasa ci gaba."

Marubuciyar ta ce, "Kin taɓa tambayarsa dalili?"

Ta ce, "A gidanmu ba a tambayar baba irin wannan."

Ban san lokacin da na zame na tsuguna ba. 'Yar Larabawan tana cewa, "Tonton, lafiya? A kawo ruwa?" Ni kuwa kunnuwana sun toshe. Jama'a, 'yar fari ce! A garinmu wane uba ne mai mutunci zai buɗe baki ya kira sunan ɗan farinsa? Kunya ce. Ni ma ɗan fari ne, mahaifina har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, kuma ban taɓa kwana da shakkar cewa ni ne zuciyarsa ba. Amma ni ina da kaka da take jan kunnena tana cewa, "Ka ga babanka yana kauda kai? Don kai ne babba a ransa." Ina da gwaggo, ina da maƙwabta, duk gari ya sani. Ita wa take da shi a hawa na tara? Uwarta ma ta ɗauka abin a fili yake. Shekara sha bakwai ina ba ta girman da ya fi kowane girma a wurina, ita kuma tana karɓarsa a matsayin ƙiyayya.

Da aka tashi na jira ta a bakin titi. Tana fitowa da littafin a ƙirji ta gan ni, fuskarta ta canja, ta tsaya nesa. Ta ce, "Baba, tun yaushe kuke nan?"

Na ce, "Tun kafin ki tona mini asiri."

Ta sunkuyar da kai, tana jiran faɗa. Na yi mata bayani a tsaye, motoci na wucewa, da Hausa, da guntun Faransancina inda na ga ba ta gane ba. Ta saurara har na gama. Na zaci za ta yi murna. Sai ta ce, "To ni ta yaya zan sani, Baba? Wa ya gaya mini?"

Na ce ta je ta kwana wurin innarta kamar yadda aka shirya, ni zan koma. Ta juya ta nufi ramin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, jama'a suka fara shiga tsakaninmu, na ga jar rigar tana nisa. Nan na gane in ta sauka matakalar nan haka, ko ta dawo gida gobe ba ta dawo ba. Na buɗe baki in kira sunanta, ya ƙi fita. Wallahi na ɗauki kwalin da ya karya mini baya, bai kai wannan nauyi ba. Na sake gwadawa, sunan ya fito a shaƙe kamar na mai mura. Ba ta ji ba. A karo na uku na kwarma shi har wani tsoho da karensa suka waiwayo.

Ta tsaya. Ba ta rugo ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo kawai ta ce, "Na'am, Baba." Jirgi ɗaya muka hau zuwa Lyon.

Har yau ina jin haushin cewa wata baƙuwa mai labarin macizai ta riga ni sanin ciwon 'yata. Har yau kuma in na kira sunan sai na ji kamar na fita ba riga. Amma ina kira. Abin da na koya shi ne, al'adar da ka ɗauko daga gida ka kawo ƙasar wasu, ba ta zuwa da mutanen da ke fassara ta. In kana son ɗanka, buɗe baki ka gaya masa da kanka, kafin ya je ya nemo bayanin a wurin wanda bai san ka ba.