Bajimin Baba a Tsakiyar Teku

Shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai fid da kai ba, ina sakandare a Isa. Malaminmu na zane wani mutumin Gana ne mai yawan raha, shi ya fara nuna mana fentin mai. Ya kawo wani hoto da ya yago daga tsohuwar kalanda: farin sa yana iyo a teku, wata 'yar sarki a bayansa ta riƙe ƙaho. Wai a tatsuniyar Girkawa babban gunkinsu ne ya rikiɗa ya zama sa don ya sace ta. Ya ce kowa ya kwaikwaya, da haka hannu yake faɗawa.

Ni ban taɓa ganin teku ba, amma sa kam na san shi, kuma na Girkawan nan ko tozo ba shi da shi. Da aka ba da hutu na naɗe ƙyallena, na kwashi ragowar fenti na nufi gida Turba.

Na tarar shanun Baba sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura farin bajimin da ya raina tun yana maraƙi. Ya riga ya yanke shawarar kai shi kasuwar Sabon Birni tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Ni kuwa na ƙudura sai na bar masa shi a ƙyalle. Na ajiye san Girkawa gefe, na zauna a turke ina zana namu a madadinsa, cikin teku da 'yar sarki a baya, na mayar masa da duk naman da yunwa ta zabge.

Inna ta leƙo ta ga 'yar sarki, ta riƙe baki. "Wagga ɗiya ba ta da uwa? Ɗaura mata zane!" Na ɗaura mata, har da kallabi. Da man haɗa fentina ya ƙare, ita ce ta tsiyayo mini man gyaɗa daga kwalbar da take wa rowa ko a miya. "Mai ai mai na," in ji ta. Ni ma haka na ɗauka.

Baba ya daɗe tsaye a kan hoton.

"Mi yak kai shi cikin ruwa?"

"Tatsuniya ta, Baba."

"To bar shi nan. Shi sha shi ƙoshi."

Ranar kasuwa ya tafi da bajimi, ya dawo da igiya da buhun dawa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Hoton dai ya ƙi bushewa. Da na koma makaranta na ba malam labari, ya yi dariya har da hawaye, ya ce man gyaɗa ba ya bushewa ko shekara zai yi.

Wani hutun na tarar tozon ya kusa shafewa. Ashe kullum da safe in Baba ya dawo daga masallaci sai ya shafa shi, kamar yadda ya saba a turke, farin fenti ya biyo tafinsa. Kunya ta kama ni. Na ce ya ba ni, za ni sake masa wani da man kirki wanda ba ya ɓata hannu.

Ya dubi tafin nasa, ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Ko da yana nan, in na shafe shi sai ya bar min gashi ga hannu."