Ƙofar da Mai Agogo Yake Tsallakewa

Da sunan Allah za a fara, sannan a ba ku labarin Inna Mai Maɓalli.

Ita dai Inna ba ta taɓa zama a aji ba. Abin da take salla da shi da ka ta haddace tun tana yarinya, kuma ta riƙe shi gam, amma in ka miƙa mata takarda ba ta san sama da ƙasanta ba, ba ta kuma ɓoye wa kowa hakan. Aikinta a wani shagon ɗinki ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da mai wankin hula. Ba ta hawa keke, nata aikin hannu ne: sa maɓalli, kalmasa bakin riga, tsinke zaren da ya yi saura. Tana da 'yar kujerarta kusa da ƙofa saboda haske, da gwangwani cike da maɓallai, da carbinta rataye a ƙusa. Da allurar nan ta taya mijinta ɗawainiyar 'ya'ya har kowa ya kama gabansa.

To, shagon nan yana da wani abu. In aka ɗauke wuta, kekuna suka yi shiru, sai a koma hirar littafi. Mai Shago ce ta fara kawo abin, don ita ko abinci take ci littafi na kan cinyarta. Sai wata Nas da ta kawo gyaran rigar aikinta wata rana, ta tarar ana musu, ta sa baki, daga nan ta zama 'yar gida. Ka'idarsu mai sauƙi ce: kowacce ta faɗi abin da take karantawa yanzu da yadda ta gan shi, kuma wadda ta riga ta gama kada ta faɗi ƙarshe.

Inna kuwa tana cikinsu dumu-dumu, don autarta ce take karanta mata. Kullum bayan la'asar Auta za ta zauna a kan tabarma ta buɗe littafi, Inna tana tsintar zare tana saurare. Abin da ya shiga kunnenta kuwa ba ya fita. In aka rikice a shago kan wa ya fara zagin wani a labari, ita ake juyowa a kalla. Kuma tana da adalci. Ba ta yanke wa mutum hukunci sai ta ji ta bakinsa, ko da mutumin na cikin takarda ne. Takan ce, "Ai shi ma wani ne ya zauna ya yi shi da kamannin bayin Allah. In na saba zaluntarsa, gobe maƙwabciyata zan zalunta."

Sai Allah ya kawo wa Auta aiki a wani gari mai nisa. Aka yi murna, aka yi addu'a, ta tafi. Gida ya rage daga Inna sai mijinta.

Makonni suka wuce Inna tana zama shiru in an ɗauke wuta. Nas za ta ce littafin da take karantawa marubucinsa bai taɓa leƙa asibiti ba, wai mutum ya suma wata guda ya farka ya nemi takalminsa ya fita da ƙafarsa. Mai Shago za ta ce nata kuwa kowa a ciki mai kuɗi ne, ba ta ga wanda ya taɓa wanke kwano ba. A yi dariya. Inna tana jin bakinta yana ƙaiƙayi, amma ba ta da abin cewa, don ba ta kan karanta komai. Kujerarta tana nan, amma ji take kamar an fitar da ita waje.

Ranar nan ta ce wa Mai Shago, "Ba ni wancan littafin mai koren bango."

"Yaya, wa zai karanta miki?"

"Ina da miji."

Shagon ya kwashe da dariya, don kowa ya san Mai Agogo. Gyaran agogo ya yi duk rayuwarsa, har agogon hannu ya ja baya ya tattara kayansa ya dawo gida. Mutum ne mai kunya, maras yawan magana, daga masallaci sai ƙofar gida. Littafin labari a wurinsa ɓata lokaci ne.

Inna ba ta roƙe shi ba. Ajiye littafin ta yi kusa da tabaransa, ta ce, "Malam, shekara nawa ina sa maka maɓalli ban taɓa cewa idona ya gaji ba. Yau naka idon nake so."

Ya dubi littafin, ya dube ta. "Ni da furfurata?"

"Ni ma da tawa zan saurara."

Haka aka fara. Karatunsa a hankali yake, kalma bayan kalma, da yatsa a kan layi, kamar yana gudun kada wani ƙaramin ƙarfe ya faɗi ya ɓace. Ba ya canza murya kamar yadda Auta take yi. Mace ta yi kuka, ɓarawo ya yi tsawa, duk murya ɗaya. Inna ta ce ba komai, ita za ta sa musu muryar a ranta.

Labarin na wata mata ce mai sayar da yadi, da mijinta direba. Miji mai fara'a, mai gaishe da mutane, yana dawowa daga tafiya da tsaraba. Suna zaune lafiya, sai kawai aka wayi gari matar ta haɗa kayanta ta bar gidan, ta ƙi sauraron kowa. Inna ta juya abin a ranta, ta juya, ba ta ga dalili ba.

Da aka ɗauke wuta washegari, ta ajiye allura ta gyara zama.

"Yau ina da magana. Matar nan ta cikin koren littafi ba ta kyauta ba. Na ba ta uzuri har na gaji. Mutum bai zage ki ba, bai hana ki ci ba, bai hana ki sana'a ba, ki tashi ki bar masa gida? Butulci ne, ba wani suna."

Nas ta riga ta karanta littafin. Ta dube ta galala. "Inna, ke ce da wannan maganar?"

"Ni ce."

"Bayan abin da ya gaya mata a ɗaki?"

"Wane ɗaki?"

"Ranar da ya dawo daga tafiya, ya ja ta ciki ya rufe ƙofa."

"Ya rufe ƙofa, gari ya waye. Me ya rage?"

Mai Shago ta ce, "Yaya, tsakanin rufe ƙofar nan da wayewar gari akwai shafi kusan goma."

Wata cikin 'yan matan da ke kan keke ta danne dariya da gefen mayafi. Nas ta ce, a hankali dai, ba da nufin cin fuska ba, "Ko dai ki bari sai Auta ta zo hutu? Kin ga in ana ba ki rabi, maganarki ma rabi za ta zama."

Wannan ce ta taɓa Inna. Ita abin da take da shi a wurin nan shi ne in ta yi magana a yarda. Ta ƙarasa maɓallan rigar da ke hannunta, ta ɗauki carbinta ta yi musu sallama.

Ta tarar da Mai Agogo a tsakar gida ya idar da alwala. Ta jira ya yi sallarsa ya dawo, ta kawo masa ruwa, sannan ta ajiye littafin a gabansa.

"Malam, in an rufe ƙofa a littafin nan, me kake yi?"

Ya yi ta goge tabarau da bakin riga. "Wucewa nake."

"Ina kake wucewa?"

"Inda gari ya waye." Ya sunkuyar da kai. "Haba, ke ma kin sani. Mutum da iyalinsa sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa, ni kuma in bi su in leƙa? In kuma ɗaga murya ina faɗa, maƙwabta suna ji ta katanga?"

Dariya ta taso wa Inna, ta haɗiye ta. "Ka karanta ka ga abin kunya ne?"

"A'a. Ina ganin ƙofar nake ɗauke ido."

"Sau nawa ka yi mini haka?"

"Mutanen nan suna yawan rufe ƙofa," in ji shi.

Ta zauna a bakin tabarma. "Ka ga kunyarka ta sa na yi wa baiwar Allah ƙazafi a gaban jama'a. Na kira ta butulu ban ji ta bakinta ba. Buɗe mu ji."

"In kuma abin da nake gudu ne fa?"

"Sai ka tsaya ka ce mini nan ba na faɗa ba ne, mu wuce tare. Amma da sanina. Ba ka sace mini shafi ina zaune ba."

Ya nemo wurin, ya yi ƙasa da murya sosai ya fara. Ashe babu komai a ɗakin sai magana. Direban ne yake gaya wa matarsa cewa saƙon da aka aiko tun watanni, cewa mahaifiyarta tana kwance tana kiranta, shi ya karɓa ya ɓoye, don kada ta tafi ta bar rumfa a lokacin ciniki. Yanzu kuma tsohuwar ta rasu, har an yi mata sutura. Yana faɗa yana cewa ai don amfaninsu ya yi.

Mai Agogo ya tsaya. Ya cire tabarau. Muryar nan tasa da ba ta canzawa ta canza.

"Wannan ai ba mutum ba ne. Uwa fa. Kuma ni nake ta jin tausayinsa."

"Ci gaba, Malam."

"Bari in koma baya tukuna. Akwai wata ƙofar da suka rufe tun farko, wa ya san abin da ya ce mata a can."

Suka bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba. A guda ɗaya tak ya tsaya ya yi gyaran murya ya ce, "Nan ba na faɗa ba ne." Inna ta ce, "Allah ya ba su zaman lafiya, wuce."

Washegari wuta ba ta tafi ba sai wajen azahar. Kekuna suna yin shiru, Inna ba ta jira kowa ba.

"Maganar da na yi jiya na janye ta. Na zalunci matar nan, Allah ya yafe mini. Na ji abin da aka yi a ɗaki, na ji na sauran ɗakunan ma."

Mai Shago ta ce, "Malam ya shiga ke nan?"

"Ya yi sallama ya shiga."

Aka yi dariya har da ita. Nas ta ce, "To yanzu kin dawo hanyata. Matar ba ta da laifi ko kaɗan."

"A'a, ban ce haka ba." Inna ta zura zare a allura. "Barin gidan ba na ganin laifinta. Amma ke kin lura tun ƙofa ta biyu ya taɓa ɓoye mata rashin lafiyar ƙanenta, ta gano, ta yi shiru don ya kawo mata tsaraba? Ita ma ciniki ya shiga ranta. Wata nawa ba ta nemi jin lafiyar uwarta da kanta ba? Kukan da take yi, rabi da shi take, rabi da kanta."

Nas ta ce, "Ban kalle shi ta nan ba. Amma ban yarda ba, Inna. Mace tana fama da rumfa ita kaɗai..."

"To faɗi naki, ina ji. Sai dai kada ki kai ni ƙarshe, mu ba mu gama ba."

Musu ya kaure, 'yan matan kan keke ma suka rabu biyu. Mai Shago ta juyo ta ce, "Ku tsaya. Yaya, tsakani da Allah, wa ya fara ɗaga murya a ɗakin nan, shi ko ita?"

Duk suka juyo suna kallon kujerar bakin ƙofa. Inna ta ciji zare ta tsinke, ta ce, "Shi ne. Ku matso in gaya muku yadda aka yi."