Hoton Jaki a Takardar Awara

Shekara biyar ke nan da rasuwar Goggo Rabi, yayar babana. Ranar Juma'ar da ta wuce muka je gidanta a Gobarau don yi mata addu'a. Abin da idona ya fara sauka a kai a tsakar gida shi ne wata takarda da mai ya jiƙa, an ci awara an yar da ita kusa da randa. Hoton jaki ne a jiki, kunnensa ɗaya a lanƙwashe. Na san jakin nan. Daga wani littafi mai shuɗin bango aka yago shi.

Goggo ta daɗe tana koyarwa a firamare, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da ta tara shi ne littattafan yara masu hotuna, cike da adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. Ina aji biyu aka fara kai ni wurinta, bayan malamarmu ta gaya wa Mama cewa ba na buɗe baki a aji. A gida faɗa ake yi mini. Goggo kuwa tabarma ta shimfiɗa, ta buɗe littafi, ta ɗora tafin hannunta a kan rubutun ta rufe shi ruf.

"Rabu da abin da suka rubuta," in ji ta. "Ke mi kika gani?"

Na fi wata ina nuni da yatsa kawai. Ranar da na yi magana, littafin nan mai shuɗin bango ne a gabanmu, cewa na yi mai jakin ba hanya yake kallo ba, wata mata yake kallo da ke shanya a bayan danga. Goggo ta gyara tabarau ta duba, ta yi dariya har da tari.

"Shekara nawa ina karanta littafin nan, ban taɓa kama ɗan banzan nan ba!"

Da ta rasu, akwai littafinta guda a hannuna wanda ban mayar ba. Duk sanda gida ya yi mini zafi sai in buɗe shi, in rufe rubutun da hannuna. Tafina bai kai nata faɗi ba, haruffa suna leƙowa ta gefe. Da babu wanda zan gaya wa abin da na gani, sai na fara rubutawa a bayan littafin lissafi. Har yau haka nake rubutu, ina duban gefen hoto, wurin da ba a sa mutum ya duba ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga ƙannena sun dunƙule a kan wayar Mama, hotuna suna gudu ba sa jiran kowa. Ba na jin za ta ƙwace wayar. Sai dai ta nemi a koya mata yadda ake tsayar da hoton.

Matar Baffa Sani, ƙanen Goggo da ke zaune a gidan yanzu, ita ta yi mini bayanin takardar awarar nan ranar addu'ar. Gara ta fara shiga adakar, ga ɗakin ana buƙatarsa, ga maƙwabciya mai suyar awara kullum tana neman takarda. Sai ake miƙa mata littafi ɗaya-ɗaya. Ban ga laifinsu ba. A unguwarmu ƙarshen kowace takarda ke nan, jarida ce ko ta jarrabawa. Na leƙa adakar, saura ƙasa da rabi.

Na san abin da Goggo ta bar mini ba a cikin adaka yake ba, kuma mai ba zai jiƙa shi ba. Amma ƙannena ba su san ta ba. Ba ni da abin da zan buɗe musu a kan tabarma sai waɗannan.

Tsakanina da Baffa gaisuwa ce kawai tun tasowata. Bayan la'asar, da baƙi suka watse, na same shi a zaure na durƙusa. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na sake tambayar gajiya.

"Gaisuwa ta uku ke nan, 'yar Goggo," in ji shi. "Tun ta farko lafiya lau nake. Mi ya faru?"

Idona na kan takalminsa, wanda aka ɗinke maɗaurinsa da baƙin zare. Na ce, "Baffa, littattafan Goggo da suka rage nake roƙo a ba ni. Ina da tsofaffin littattafan rubutuna na aji uku, sun fi su yawan takarda. Gobe sai in kawo wa mai awara."