Filin da Muka Nome a Bakin Tafki

A ƙauyenmu na bakin tafkin Kainji, mace ba ta da gona sai ta aro. Inna da matan unguwarmu sun samu tasu inda babu mai so, wani fili da ruwa ke rufewa in ya cika, ya bari in ya ja baya. Mai gari ya ce su noma.

Ina goyon fari na shiga cikinsu. Tare muka tumɓuke ciyawa, muka ja kunya, muka dasa albasa. Wadda ba ta da lafiya a yi mata nata aikin. Inna kuwa ba ta iya zama. Tana cikin tuƙa tuwo sai ta miƙa mini muciya, ta tafi duba ko ruwa ya motso, ko shanu sun ratsa. Ni ma na ɗauki halin. Ko ina gida hankalina yana can.

Albasa ta yi kyau, har masu zuwa kasuwar Yelwa suna tsayawa kallo. Ana gab da cira, wani mutum ya zo a kan babur, ya zagaya filin bai gaishe mu ba. Ya ce gonar kakansa ce tun kafin ruwa ya ci tsohon gari.

Muka ɗunguma gidan mai gari, laka a ƙafafunmu. Inna ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, da wurin yana ciyawa ba mu ji yana da mai shi ba."

Mai gari ya ce, "Aro na ba ku. Ku cire abin da kuka shuka, baɗi a nema muku wani."

Muka cire albasarmu, babu mai waƙa a cikinmu. A hanya wata ta ce ta daina, ba za ta ƙara gyara wa wani ƙasa ba.

Filin da aka ba mu daga baya yana da nisa, ga tsakuwa. Mun nome shi, har da wadda ta ce ta daina. Shi ma aro ne, kuma har yau ba a faɗa mana ranar da za a karɓa ba.