Baffa Manniru Bai Taɓa Sa Wa Kwabo Zarto Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu 2025, Allah Ya karɓi ran ƙanin mahaifina, Baffa Manniru, a gidansa da ke Kubwa, bayan gajeriyar jinya.

Baffa, ka san ba na iya magana a gaban manya. Shi ya sa na ɗauki biro, raina a ɓace.

Tun da ka yi ritaya daga ma'aikata, tsofaffin kuɗi suka zama abin sha'awarka: anini, sisi, sule, kwabo mai huda. Ranar Asabar kakan baje su a kan farin ƙyalle, ka kira ni in zauna kusa da kai. Ka fi son wanda ya fito da kuskure tun daga inda aka buga shi, irin wanda masu tarawa ke nema ido rufe. Wata rana na tsinto wani sule mai gutsurarren gefe, na kawo maka da gudu. Ka yi dariya ka ce, "Muhibba, shafa wurin. Kin ji kaifi? Wannan zarto ne ya ci shi. Na gaskiya bakinsa lafewa yake yi a hankali, kuma gefen da ke fuskantarsa ma za ki ga ya yi rauni." Duk da haka ka saya mini tsire, wai ladan ido.

Ina wurin ranar da Farouk, mai sayar da kayan tarihi a intanet, ya kawo maka kwabbai masu gutsurarren gefe cikin leda, ya ce:

"Oga, kai dai ka ce orijinal ne. Sunanka kawai nake so."

Ka duba, ka mayar masa. "Farouk, ko garin ƙarfen ba ka kakkaɓe daga ledar ba. Tashi ka tafi."

Da ka rasu, mutumin nan ya zo gaisuwa, ya fi kowa daɗewa a kan tabarma. Ya roƙi hotonka a wurin matarka, Inna Barira, wai zai sa a yi maka addu'a. Jiya ƙawata ta nuna mini a wayarta: ga ka da farar hularka, ga kwabban nan da ka kora a ƙarƙashi, an rubuta wai daga tarinka suka fito, wai kai ka tabbatar da su kafin ka rasu.

Ƙarya ne! Ya jira ne sai da aka rufe ka da ƙasa, don ya san ba za ka iya cewa a'a ba. Gobe wanda ya saya zai gane an cuce shi, kuma sunanka zai zaga, ba na Farouk ba.

To, kowa ya ji: tarin Baffa yana hannun Inna Barira, ko anini ɗaya bai fita ba. Wanda ya riga ya saya, ya shafa gefen da yatsa. Idan ya ji kaifi, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Barira, da mahaifina, da sauran dangi. Allah Ya ba mu haƙuri. Baffa, Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Wanda kuwa yake cin abinci da sunan mamaci, Allah Ya isar maka a kansa, Baffa. Amin.